Ashirin da Huɗu a Ɗakin Gwaji

Ranar da Auta ta kira ni, ina tsugune a shago kan wata kwamfuta da na farke, ina zagin wanda ya zubar mata da shayi. Muryarta ce ta sa na ajiye sukudireba. Ba kuka take yi ba, kuma da ma kukan ne da ya fi mini sauƙi. Cewa ta yi an goge rajistar na'urar gwaji, kuma duk ofis ita ake kallo.

Auta ƙanwata ce, daga ita Inna ba ta sake haihuwa ba. Shekara shida tana aiki a wani shafi da ke gwada wasannin kwamfuta. In sabon wasa ya fito, sai ta ɗora shi a kan na'urar gwaji ɗaya tilo da ofishin ke da ita, ta bi hanya guda a cikin wasan har sau uku, ta rubuta hoto nawa yake iya nunawa a daƙiƙa ɗaya. In ya kai sittin, wasa na tafiya sumul. In ya gaza talatin, kakarewa yake yi, kada ma ka wahalar da kanka. Mutane sun yarda da lambar Auta, domin ba ta taɓa sauya hanya don kowa ba, babba ko ƙarami. Wannan yardar ita ce duk abin da ta mallaka.

To, mako biyu kafin wannan kira, ta gwada wasan wani bawan Allah da ya ƙera shi shi kaɗai, shekara huɗu yana fama. Ta ba shi ashirin da huɗu. A cikin makon kuma ta ba wasan wani babban kamfani saba'in. Sai masu gwaji a wasu shafuka, da na'ura irin ta ofishinsu sak, suka sami sittin a wasan mutumin. Daga nan aka buɗe mata wuta. Wani ya ce an saye ta, wani ya ce dama biri ya yi kama da mutum, wani ya zana ta sanye da hular kamfanin.

Na'urar tana ajiye rajista a kowane gwaji: zafinta, gudun fankokinta, komai. Auta ta yi wa masu karatu alkawarin za ta wallafa rajistar da safe kowa ya gani. Da safen ta zo ta tarar babu ta mako bakwai, an kuma mayar da saitin na'urar kamar ranar da aka sayo ta.

Ni a layinmu Mai Bin Sawu ake ce mini. Kwamfutar da aka sace, fayil da ya ɓace, hoton bikin da matar gida ta goge cikin fushi, duk ni ake kawo wa. Na rufe shago ban ko wanke hannu ba.

*

Edita, shugaban shafin, ya tarbe ni da fara'a har da ja mini kujera. Mutum ne mai taushin murya, irin waɗanda ke tambayar lafiyar mahaifiyarka kafin su ce maka a'a. Ya ce shi ma so yake a wanke yarinyar, in duba duk abin da nake so. Mutum huɗu ne ke da mabuɗin ɗakin gwaji: shi, da Auta, da abokin aikinta da suke kira Dogo, da Mai Kyamara wanda ke ɗaukar bidiyon gwaje-gwajen. Sai wata tsohuwa mai shara da ake buɗe wa kowace safiya.

Ɗakin ɗan ƙarami ne, ba taga. Tebur ɗaya, na'urar a kai, fitilun ɗaukar hoto biyu, da kujerar Auta wadda fatarta ta kwaile a wurin gwiwar hannu. Na yi awa biyu ina tono. Wanda ya goge ya san abin da yake yi, domin ya goge ya kuma rubuta wani abu a kan gurbin. Abu ɗaya kawai ya bar mini, lokacin da ya yi aikin: ƙarfe bakwai da minti goma na safe.

Na ce wa Auta ta sake gwada wasan a gabana. Ta zauna, ta ɗora abin sauraro a kunne yadda ta saba, ta bi hanyarta ta cikin wani gari da ake sheƙa ruwan sama. Hamsin da tara. Ta sake, sittin da ɗaya. Ta sake, sittin.

Ta cire abin kunnen a hankali ta ajiye. Na kau da kai kamar ina duba waya. Wallahi da na san haka zai fito da ban sa ta yi a gaban Edita ba.

*

Dogo na fara kamawa, kuma ba zan ɓoye ba, da niyya na je masa. Na sha jin labarinsa a gida. Shi ne mai cewa gwaji sau uku ɓata lokaci ne, shi ne kuma aka tsallake aka ba Auta ɗakin gwaji. Na same shi yana cin gyaɗa da hular babban kamfanin nan a kansa. Na ce ashe masu hula suna da yawa. Ya yi dariya ya buɗe mini kabad, ga huluna har takwas, kowa a ofis an aiko masa, har mai gadi. Ta Auta na nan a cikin leda ba a ko kwance ba.

Na tambaye shi ina yake ƙarfe bakwai na safe. Ya ce in tambayi duk wanda na ga dama, a tarihin ofishin nan ba a taɓa ganinsa kafin tara ba, 'ya'ya uku yake rabawa makarantu uku. Na tambaya kuwa, kowa ya shaide shi da makara har da ƙari. Ban taɓa ganin mutumin da lalacinsa ya wanke shi tas irin wannan ba.

Da zan fita ya rage murya ya ce shi da Auta ba sa shan inuwa ɗaya, amma ko a mafarki ba zai ce ta ci hanci ba. Na fita ina jin haushi da bai zama shi ne ba.

Sai na koma kan tsohuwa mai shara. Tunanina shi ne ko tana lulluɓe na'urar da ƙyalle saboda ƙura, zafi ya taru a ciki. Na'ura in ta yi zafi da yawa, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, wannan kowane mai gyara ya sani. Tsohuwa ta dube ni sama da ƙasa ta ce, ɗan nan, tun ranar da aka ce mata akwatin nan ya fi ta tsada ba ta ƙara kusantar teburin ba, ƙasa kawai take sharewa. Na tambaye ta wa ya riga ta zuwa a safiyar da aka goge rajistar. Ta ce ita daga bene take farawa, kuma ba a ɗauke ta aikin ƙirga mutane ba.

Mai Kyamara kuwa bai bar ni na zauna ba. Yana ta nannaɗe waya, yana amsa mini da ƙeya. Shi ɗauka kawai yake yi, shi bai san lamba ba, shi ba ruwansa da na'ura. Na lura wayar da yake naɗewa ya warware ta ya sake naɗewa sau biyu, amma ba a kama mutum da naɗin waya.

*

A gida na tarar da Inna zaune a bakin gado, ta ajiye carbi a cinya. Wata maƙwabciya ta nuna mata zanen nan a waya. Ba ta san mene ne hoto a daƙiƙa ba, ba ta kuma nemi sani ba. Tambaya ɗaya ta yi mini, ko 'yarta ta ci haƙƙin wani. Na ce a'a. Ta ce to me ya sa ba na kallon ta in ina faɗa.

Auta tana ɗaki da littafinta na hannu, inda take rubuta kowane gwaji da biro. Ta nuna mini shafin: ashirin da huɗu, ashirin da biyar, ashirin da huɗu.

"Sau uku suka yi daidai, Yaya," in ji ta. "Shi ya sa ban duba zafi ba. In lamba ta yi daidai sau uku, yarda nake yi da ita."

Na ce za a gano. Ta ce ko an gano, ita ce ta sa hannu. Sai na ce ta ci abinci, wanda shi ne abin da nake faɗa duk lokacin da hankalina ya ƙare.

*

Kwana biyu ina kallon bidiyoyinta a shago, tun daga na bara, ina neman abin da ban san kamanninsa ba. Na zura wa allo ido har ya fara yi mini yaji. Ba komai. Tebur ɗaya, na'ura ɗaya, hanya ɗaya.

Rana ta uku da hantsi wani ya kawo caja a ɗinke masa. Na juya wa allon baya ina narka dalma, abin sauraro na kunnena, bidiyoyi na bin juna da kansu. Shekara ashirin ina wannan sana'a, da kunne nake gane fankar da ta kusa mutuwa tun kafin mai ita ya gama sallama. A tsofaffin bidiyoyin, can ƙarƙashin muryar Auta, akwai hucin fankoki, yana ƙaruwa in wasa ya yi nauyi. Sai wani bidiyo ya shigo, na ji muryarta tsaf, ba huci ko kaɗan.

Na ajiye ƙarfen dalma a kan cajar mutumin har ta fara hayaƙi. Na koma baya, na dawo gaba, ina bi ɗaya bayan ɗaya. Hucin ya ɓace ne a wata Talata, mako bakwai cif kafin a goge rajista. A ƙarƙashin bidiyon ranar har masu kallo na yabo, wai sauti ya yi kyau, a gaishe da Mai Kyamara.

Wani ya rage wa fankokin gudu don kada ƙararsu ta shiga makirufo. Wasa marar nauyi, irin na babban kamfanin, ba ya dafa na'ura, sai ya wuce lafiya. Wasan bawan Allah kuwa, da ruwan samansa da fitilunsa, cikin minti biyu ya gasa ta, ita kuma ta ja birki. Auta da abin sauraro a kunne, ƙarar wasa kawai take ji.

Na biya mutumin cajarsa da wata sabuwa, na fita da gudu. Na ɗauka an gama, sakarai da ni.

*

Na roƙi Edita ya tara su a ɗakin gwaji, ya kuwa tara. Dogo ya jingina da ƙofa, Mai Kyamara ya tsaya bayan fitila, Auta na kan kujerarta. Na kunna musu bidiyo biyu, na ce kowa ya rufe ido. Ba wanda ya rufe sai Dogo, amma kowa ya ji.

Edita ya yi murmushi ya ce ai sabon makirufo suka saya. Na ce haka ne, na ga kwalinsa a ƙarƙashin bene, kuma takardar da ke manne a jiki ta nuna ya iso mako uku bayan fankoki sun yi shiru. Na juya ga Mai Kyamara na ce ni ba ɗan sanda ba ne, mai gyara ne, so nake kawai in san hannun da ya taɓa saitin.

Ya dubi ƙasa. Sannan ya ce shi ne. Masu kallo sun dame su da ƙorafin ƙara, aka ce ya yi maganin abin kafin sabon makirufo ya zo. Ya rage fankokin da niyyar mayarwa, aiki ya sha kansa, ya manta. Sai da aka fara zagin Auta ya tuna, ya je ya faɗa.

"Ka faɗa wa wa?" na tambaye shi.

Kafin ya amsa, Edita ya riga ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga.

"Ni na ce ya rage, ni kuma na goge," in ji Edita, da muryar nan tasa mai taushi. "Mako bakwai, wasa goma sha tara. In rajistar nan ta fita, ba lamba ɗaya ce ta lalace ba, duka ne. Ba kamfanin da zai sake aiko mana da wasa, ba mai karatun da zai sake yarda da mu. Mutum tara ke ci a nan, malam. Na auna, na ga gara ɗaya da tara."

Na ce ɗayar ƙanwata ce. Ya ce ya sani, kuma Allah ya sani bai runtsa ba tun ranar. Wannan ne ya fi ƙona mini rai, don na ga alama gaskiya yake faɗa. Da mugu ne da na san yadda zan yi da shi.

Na ce zan faɗa wa duniya. Ya ce ba zai hana ni ba. Rajista babu, na'ura ta koma daidai, shirun bidiyo kuwa kowa ya san ana iya tace sauti bayan ɗauka. Ya ce in na fita, abin da mutane za su gani shi ne yaya yana kare ƙanwarsa. Na dubi Mai Kyamara na ce zai maimaita abin da ya faɗa a waje? Ya ce in yi masa rai, shi kaɗai ke riƙe da gidansu. Na dubi Dogo. Ya cire hular ya murɗa ta a hannu.

Auta dai na kan kujerarta. Sai da Edita ya fara bayanin sanarwar da za a fitar, wai kuskure ne na ma'aikaci ɗaya ba tare da an ambaci suna ba, sannan ta ɗago.

"A gyara lambar wasan," ta ce. "Ni ku faɗi abin da kuka ga dama a kaina, amma a sa masa sittin ɗinsa, a faɗi dalili."

Edita ya ce za a cire sharhin gaba ɗaya. Sabuwar lamba kuwa sai ta zo da dalili, dalilin kuma shi ne abin da ba za a faɗa ba. Kafin mu sauka daga bene an sauya lambar sirrin shiga shafin, wayarta ta yi ƙara ta sanar da ita.

*

Na rubuta komai na wallafa, da bidiyon biyu da kwanan wata da hoton kwalin. Na zauna ina jira kamar wanda ya shuka gyaɗa yana tsaye a kanta. Mutum arba'in da 'yan kai suka karanta. Na farkon da ya amsa cewa ya yi, wannan ba ɗan'uwanta ba ne? Na biyu ya ce in ba rami me ya kawo rami, ai da ba ta da laifi da ba a sallame ta ba. Wani mai hankali ɗaya ya ce maganata tana da ma'ana, aka taru a kansa har ya goge. Zanen hular kuwa an yaɗa shi ya fi sau dubu.

Na ci alwashin zuwa kotu, na ci alwashin fasa ofishin, na ci alwashi iri-iri a gaban Inna, tana kallona har na gaji na zauna. Na bi sawu har ƙofar mai shi, na kama shi, ya amsa da bakinsa, ga shi ban iya yin komai da shi ba. Ban taɓa jin kaina a banza irin wannan makon ba.

Ranar Asabar Auta ta ce in raka ta wani wuri. Ta samo adireshin mai wasan. Na ce me za ki je yi, ki ƙara wa kanki ciwo? Ta ce haƙƙinsa ne ya ji daga bakinta.

Ɗaki ɗaya ne a saman wani shagon ɗinki. Mutumin ya girme ni, furfura ta fara cin gemunsa. A bango ya manna zanen garin nan mai ruwan sama, takarda a kan takarda, wasu sun yi ja don daɗewa. Tebur biyu ne, ɗaya ba komai a kai sai alamar inda kwamfuta ta taɓa zama. Da ta faɗi ko ita wace ce, na matsa kusa da ita, don ban san abin da zai yi ba. Kujera ya ja mata.

Ta faɗa masa komai, ba ta rage nata laifin ba. Ta ce ba ta duba zafi ba, kuma ya kamata ta duba. Ta ce ta sake gwadawa ya ba da sittin, kuma a shekara shida ba ta ga ruwan sama mai kyau irin nasa ba. Ya saurara har ƙarshe bai katse ta ba. Ya ce makon farko shi ne rayuwar wasa, wanda bai saya a makon ba ya wuce ke nan, kuma yawancin masu saye a nan lambarta suke jira. Ya ce bai taɓa yarda an saye ta ba, domin shi ma shekara shida yana karanta ta. Abin da ya ɗauka shi ne wasansa ne ba shi da kyau, har ya fara goge abin da ya soma na gaba.

Sai ya gyara zama, fuskarsa ta ɗan saki, ya dube ta kamar mai jiran a miƙa masa ruwa.

"To Alhamdu lillahi," ya ce. "Yanzu yaushe za ki rubuta wannan a inda kika rubuta na farko?"

Auta ta juyo ta dube ni, irin kallon da take yi mini tun tana ƙarama in abu ya fi ƙarfinta. Ni kuwa, Mai Bin Sawu, na sunkuyar da kai ina riƙe da jakarta, mutumin yana ta jiran amsa.